Barin Irin Dankalin Turawa Ya Yi Tsiro Kafin Shuka: Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu Lambun Gida a Legas

Shekara huɗu ke nan ina noman buhu a bayan gidan da muke haya a Agege. Tumatir da tattasai da alayyafo da yakuwa duk sun karɓe ni. Dankalin turawa ne ya fi ba ni wahala, shi ne kuma aka fi tambayata a kansa, musamman in baƙo ya shigo ya ga kiret-kiret na ƙwai jere a baranda, babu ƙwai ko ɗaya a ciki sai dankali. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa, daga maƙwabta da kuma 'yan'uwa masu zuwa kasuwar Mile 12, da amsoshinsu gwargwadon abin da na koya da wanda hannuna ya taɓa.

Me ake nufi da barin iri ya yi tsiro? Me zai hana a tusa shi a ƙasa kawai?

Dankalin da muke soyawa shi ne irin kansa. Ɗauki guda ɗaya ka duba, za ka ga 'yan ramuka a jikinsa, waɗanda manoma ke kira ido. Daga nan tsiro ke fitowa. Sai dai dankalin da aka haƙe yanzu ba ya tsirowa nan take, yakan yi wani irin barci na wata biyu zuwa uku, ya danganta da nau'insa da zafin wurin da aka ajiye shi. In ka binne shi yana cikin wannan barci, zai kwanta a ƙasa kawai yana jira.

A ƙasa mai sanyi da bushewa jiran ba ya cutar da shi sosai. A Legas kuwa ƙasarmu ɗumi gare ta da danshi, dankalin da ya yi mako uku a cikinta bai motsa ba, ruɓewa ce ke gabansa. Shi ya sa ake barinsa ya farka a sarari, a inda idonka ke kansa. Wanda ya yi tsiro mai ƙarfi sai a shuka, wanda ya ƙi ko ya fara lalacewa sai a ware tun bai ci maka buhu da taki ba. Turawa suna yin haka ne don su riga sanyi, su samu girbi da wuri. Mu zafi da ruɓa muke gudu, don haka shawarwarinsu da ake gani a intanet sai an tace kafin a yi aiki da su.

Malam, tsakani da Allah, dankalin turawa yana yi a Legas kuwa?

Yana yi, amma ba yin Jos ba. Gara in faɗa maka tun yanzu kada ka je ka sayo buhun iri.

Asalin wannan shuka daga tsaunukan Andes ne, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, sanyi ta gada. Tana zuba 'ya'ya yadda ya kamata in zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyos, in ya doshi 30 kuwa sai ta kusan daina zubawa gaba ɗaya, ta koma ganye. Dalilin ke nan da ya sa kusan duk dankalin da tireloli ke saukewa a Mile 12 daga Filato yake, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da kewayensu, inda tudu ya haura mita 1,200. Ana kuma yin sa a tsaunin Mambila a Taraba. Legas kuwa a bakin teku take, da wuya dare ya yi sanyin da wannan shuka ke so, sai ɗan abin da hunturu ya kawo.

Saboda haka abin da za ka samu 'yan ƙanana ne, wasu kamar ƙwan kaza, wasu kamar ƙwan zabo, daga kowace shuka ɗan abin da zai cika tafin hannu ko biyu. Ni dai shekarar da hunturu ya yi kyau na samu abin da aka yi fate sau biyu, yara suka yi ta murnar tono. Wanda ke neman riba ya shuka ugu ko alayyafo. Wanda ke son gwaji da jin daɗin cin abin da ya shuka, bismillah.

Yaushe ya kamata in fara?

Ka yi lissafi daga hunturu ka dawo baya. Ana son lokacin da shukar za ta fara zuba 'ya'ya ya faɗo a ƙarshen Disamba zuwa Janairu, sa'ad da dare ke ɗan sanyi. Ke nan shuka a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, jera iri kuma tun ƙarshen Oktoba. Wannan ya yi daidai da wani abu: dankalin damina na Filato ana haƙarsa ne wajen Yuli da Agusta, zuwa Oktoba ya gama barcinsa ko ya kusa.

Wasu na gwadawa a Yuli da Agusta, tunda rana ba ta da zafi a lokacin, ruwa ma yakan ɗan tsagaita. Na gwada sau ɗaya. Ganye ya yi kyau, sai ga baƙaƙen tabo sun bi shi, cikin 'yan kwanaki ya kwanta. Ciwon nan na ganye mai son danshi shi ne ya cinye dankalin ƙasar Ailan daga 1845 har aka yi yunwar da ta shiga tarihi, manoman Filato ma suna fama da shi duk damina. Ban sake ba.

Ina zan samu iri? Na kasuwa zai yi?

Mafi kyau shi ne irin da aka noma don iri, wanda aka tabbatar ba shi da cuta. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, mai hedikwata a Umudike, tana da reshen dankali a Kuru kusa da Jos, kuma a can Filato akwai manoman da suka san harkar iri. In kana da ɗan'uwa direba ko ɗan kasuwa mai zuwa can, ka ba shi saƙo ya taho maka da 'yar leda. Sunayen da za ka fi ji su ne Nicola da Marabel.

In babu wannan hanya, na kasuwa zai yi, da babu gara ba daɗi. Sai dai ka zaɓa da hannunka. Kada ka ce a auna maka kwando a juye. Ka tsuguna gaban mai dankali ka ce masa na shuka kake so, galibi in ɗan Filato ne zai gane, har ya tono maka waɗanda suka fara buɗe ido daga ƙasan buhu, tunda masu girki ba sa son su. Ka guji mai rauni, mai laushi, mai ɗan ruwa a ido ko wanda ƙasa ta manne a idonsa ta yi danƙo, domin alamar wata cuta ce da ke sa shuka ta yi yaushi rana tsaka, kuma in ta shiga ƙasarka takan daɗe ba ta fita ba, har tumatir da tattasai take kamawa.

Manyan dankalin nan masu sheƙi na manyan kantuna, musamman na waje, ka bar su wa tukunya. Wasu an fesa masu maganin hana tsiro don su daɗe a kanta.

Babba ya fi, ko ƙarami?

Kamar ƙwan kaza. Wanda ya fi haka girma asara ce, gara a ci. Wanda bai kai ƙwan zabo ba kuma ba shi da guzurin da zai riƙe tsiro har saiwa ta kama.

To, yaya ake jera shi?

Ka nemi kiret ɗin ƙwai na kwali, masu shayi suna zubar da shi kullum. Na kwali ya fi na roba domin yana shan danshi. Kada ka wanke dankalin, ka kakkaɓe ƙasar jikinsa kawai da hannu. Kowane dankali yana da kai da gindi: gindin shi ne inda ya manne da uwarsa, za ka ga ɗan tabo ko guntun zare a wurin, kan kuwa shi ne inda idanu suka taru. Ka zaunar da kowanne a rami ɗaya, kai yana sama. Layi ɗaya tak, kada a ɗora wani kan wani.

Sai wurin ajiya, wanda shi ne rabin aikin. Ana son haske amma ba rana ba, ana son iska tana ratsawa, ana son wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. A gidana baranda ce mai kallon arewa. Ka nisanci ƙarƙashin kwano, da kusa da janareta, da ɗakin girki. In taga ce, kada ta zama wadda ranar la'asar ke dukanta, za ta gasa su. Ba a yayyafa ruwa, ko kaɗan. Danshin iskar Legas ya ishe su har ya yi yawa.

Duk bayan kwana biyu ko uku ka leƙa, ka ɗan juya kiret ɗin don kowane gefe ya samu haske, ka kuma shinshina. Hanci yakan riga ido gano wanda ya fara ruɓa. Da ka ji wari ka nemo shi ka fitar, tare da sauya kwalin in ya jiƙe.

Ai na ji an ce a duhu ya fi saurin tsirowa?

Gaskiya ne, kuma nan na ci ƙasa a shekarar farko. Na ƙulle dankalina a baƙar leda na tura ƙarƙashin gado, na manta da shi kusan mako uku. Uwargida ce ta tuna mini, da ta ce, "Malam, akwai abin da ya mutu a ɗakin nan." Da na jawo ledar, rabi ya zama kunu, sauran kuma sun fitar da wasu fararen tsiro dogaye kamar taliya, sun sarƙe da juna. Na ɗauko ɗaya a hankali, tsiron ya karye a hannuna tun kafin in kai ƙofa.

Abin da ke faruwa shi ne, a duhu tsiron yana miƙewa ne neman haske, yana zuƙe abincin da ke cikin dankalin, shi kuma bai yi ƙarfi ba. A haske kuwa yakan tsaya gajere, ya yi kauri, ya yi kore ko shuni-shuni, har ka ga 'yan ƙurajen saiwa a gindinsa. Irin wannan ko ka taɓa shi ba ya faɗuwa. Cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Lima ta daɗe tana koya wa ƙananan manoma gina rumbun iri mai shigar da haske ta gefe a kan wannan dalili. Kiret a baranda ƙaramin wannan rumbu ne.

Duhu yana da amfani guda: tayar da wanda ya ƙi farkawa. Shi ma na 'yan kwanaki ne.

Nawa ya yi mako biyu ko motsi babu. Me zan yi?

Mai yiwuwa sabon haƙa ne, barcinsa bai ƙare ba. Gwada murza fatarsa da babban yatsa, in ta saluɓe cikin sauƙi to bai daɗe da fitowa daga ƙasa ba, sai haƙuri. Kana iya sa shi a kwali ko buhun algarara, ka rufe, ka bar ƙofar iska, ka riƙa dubawa kullum. Da zarar ka ga fararen ɗigo sun ɓullo a idanu, maza ka mayar da shi haske. Leda dai kada ka kusance ta. In an yi wata guda da rabi yana nan yadda yake, ko dai an sa masa magani ko kuwa lokacinsa zai wuce hunturu. A soya shi.

Wane tsawo tsiron zai kai kafin a shuka? Kuma guda nawa ake bari?

Santimita 1 zuwa 2, wato kamar gaɓar ɗan yatsa. Littattafan Turawa suna cewa mako huɗu zuwa shida, amma da ɗumin Legas, in dankalin ya riga ya farka, mako biyu zuwa uku sukan isa. Kada ka bi kalanda, ka bi abin da idonka ya gani.

Sau da yawa tsiro ɗaya ne zai fito a tsakiyar kai, ya danne sauran idanun su ƙi buɗewa. Shuka mai kara ɗaya 'ya'yanta kaɗan ne. Sai ka murɗe wannan na farkon ka cire, cikin 'yan kwanaki za ka ga uku ko huɗu sun taso. Sau ɗaya ake yin haka, in aka maimaita dankalin zai gaji. In kuma sun fito da yawa kamar gashi, ka bar uku ko huɗu masu ƙarfi ka goge sauran, tunda a buhu wuri kaɗan ne, kuma a zafinmu yawan kara ƙananan 'ya'ya yake ƙara jawowa.

Fatar za ta ɗan yamutse, wannan ba komai. Wanda ya motse kamar busasshen lemo, ko ya fitar da tsiro siriri kamar zare, shi ne ya tsufa ko yana ɗauke da cuta.

Yaya, in dankalin babba ne zan iya raba shi biyu?

Ana yi a wasu wurare, ana barin ido biyu ko uku a kowane ɓari. A Legas ban ba da wannan shawara ba. Yankakken wuri ƙofa ce ga ruɓa, kuma wuƙa ɗaya takan kwashi cuta daga dankali guda ta raba wa sauran duka. In ya zama dole, ka tsaga shi daga kai zuwa gindi don kowane ɓari ya samu rabon idanun kai, ka tsabtace wuƙar bayan kowane yanka, ka barbaɗa toka a wurin, ka bar shi a inuwa kwana biyu ko uku har ya yi ɓawo. Sau biyu na yi haka, duka biyun waɗanda na shuka ɗungurungum sun fi su tashi.

Dankalin ya koma kore a baranda. Ya lalace ne? Za a iya cin wanda ya rage?

Ga shuka bai lalace ba, koren ma yana ƙara masa juriya. Ga ci kuwa a'a. Dankalin da haske ya mayar kore yana tara wata guba da ake kira solanin, tsiron ma cike yake da ita, kuma dafuwa ba ta kawar da ita yadda za a dogara. Tana sa ɗaci a baki da ciwon ciki da amai. Hajiya, ki ja wa masu taya ki girki kunne, kada wata ta ga dankali a kiret ta kwashe ta zuba a miya. A ɗaga shi inda hannun yara ba ya kai, kada kuma a watsa wa awaki ko kaji ragowar.

Ɓeraye fa?

Ɓeran Legas ba ya jin kunya. Ka ɗora kiret ɗin a kan tebur ko ka rataye shi, ka kifa masa ragar waya. Tsohon gidan sauro ma yana taimakawa wajen ƙwari, musamman wani ɗan malam-buɗe-littafi mai toka-toka da tsutsarsa ke huda dankali ta ido, ta bar baƙin gari a bakin ramin. Akwai kuma farin ƙwaro mai kama da auduga da ke taruwa a gindin tsiro. In kaɗan ne, goge shi da ɗan tsumma.

Ya yi tsiro. Yaya zan shuka ba tare da na karya shi ba?

Ka kai kiret ɗin har gindin buhun, kada ka juye su a bokiti. Buhun shinkafa mai cin kilo 50 ya isa dankali biyu, uku in ka matsa. Farin buhu ya fi baƙar roba ko taya, waɗanda ke ɗaukar zafi su dafa saiwa. Ka huda gindinsa da kyau, ka naɗe bakinsa ƙasa, ka zuba ƙasa mai sako-sako haɗe da takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. Kada kuma ka yi amfani da ƙasar da tumatir ko tattasai ko gauta suka tashi a kai, dangi ɗaya ne da dankalin turawa, cutarsu ɗaya.

Ka zaunar da dankalin tsiro yana kallon sama, zurfin santimita 10, ka rufe da hannu ba tare da dannawa ba. In a kunya ne, tazarar santimita 30 tsakanin kowanne. Da yamma ake yi, ƙasa da ɗan danshi, ba caɓalɓal ba. Irin da ya yi tsiro yakan ɓullo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Yayin da karan ke tsawo sai ka riƙa warware bakin buhun kana ƙara ƙasa, don kada 'ya'yan su leƙo haske su yi kore. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama, ka jera buhunan inda za su sha ranar safe su samu inuwa da azahar. Ni har kwali nake jinginawa a jikin buhun ta ɓangaren yamma.

Dankalin Hausa ma haka ake yi masa?

Suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne. Dankalin Hausa yaɗonsa ake yanka a dasa, kuma shi zafi abokinsa ne, yana yi a Legas ba tare da wannan lallaɓa ba. In ba ka da yaɗo, ka binne guda ɗaya sama-sama a ƙasa mai danshi, in ya yi toho ya miƙe sai ka yanka ka dasa.

In na girbe, zan iya ajiye wasu su zama irin baɗi?

Da wuya su kai. Za ka haƙe wajen Fabrairu ko farkon Maris, in ganye ya yi rawaya ya kwanta, shuka ta gaba kuma sai Nuwamba. Wata tara ke nan, ga zafin Maris, ga damina gaba ɗaya a tsakani. Kafin Yuni sun farka sun yi tsiro, kafin Agusta sun motse. Ban da haka, a wuri mai zafi ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye suna yaɗa cututtukan da ke bin dankali daga uwa zuwa 'ya'ya, kowace shekara amfanin yana raguwa. Na taɓa ɓoye guda goma sha biyu a kiret a saman kabad, zuwa lokacin shuka uku ne suka rage da ɗan rai, ɗaya ne kuma ya fito. Yanzu da Oktoba ta kama nake kiran direban da ke taho mini da iri daga Bokkos, in tuna masa ya sa ledar a gaban mota, ya bar bakinta a buɗe.